Yadda ake kwance ɗaurewar ƙafa cikin dare, da yadda ake rage dawowarta

Duk wanda ƙafa ta taɓa ɗaure wa cikin dare ba sai an kwatanta masa zafin ba. Kana tsakiyar barci, ko ka ɗan farka ka yi miƙa, sai sha-raɓa ta dunƙule ta yi tauri, yatsu su karkata ƙasa, ka rasa inda za ka kama. Wani salati yake saki har ya tashi mutanen ɗaki, wani kuwa cije leɓe yake yi ya yi ta murƙususu shi kaɗai. Takan saki cikin 'yan sakan, wani lokaci ta kai minti goma. Bayan ta saki ma wurin yakan wuni da tsami, shi ya sa za ka ga dattijo yana ɗingishi zuwa sallar asuba alhali lafiya lau ya kwanta.

Abin ruwan dare ne. Likitoci sun ƙiyasta cewa rabin manya ko fiye suna gamuwa da shi, kuma ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 50 da mace mai tsohon ciki. Galibi ba shi da haɗari. Abin da ke damuna shi ne irin abubuwan da ake ɗirka saboda shi, haɗin kemis da kwinin da kanwa da maganin sanyi kala-kala, alhali abin da ke kwance ɗaurewar nan take yana hannun mutum, ba ko sisi. Akwai kuma wasu 'yan cututtuka masu kama da ita waɗanda su ba a wasa da su. Bari mu fara da abin da za ka yi a daren.

Idan ta kama ka

Da farko kada ka naɗe ƙafar. Jiki da kansa so yake ya dunƙule, ka jawo gwiwa ka rungume wurin, wannan kuwa dama kake ƙara wa tsokar ta matse. Tashi zaune ka miƙe ƙafar sambal a kan katifa.

Sai ka kama yatsun ka jawo su sama wajen ƙwauri, dunduniya kuma ka tura ta gaba. Nan maganin yake. Sha-raɓa tsoka ce da agara ta haɗa ta da dunduniya, aikinta ta ja dunduniya sama yatsu su kalli ƙasa, irin yadda ƙafa ke yi idan mutum ya yi ɗage zai ɗauko abu a saman kanta. Idan ta ɗaure, ta ja ne ta ƙi saki. Jawo yatsu sama tilasta mata miƙewa ne, kuma da zarar ta miƙe, wasu ƙananan jijiyoyi da ke cikin agarar sukan aika saƙo zuwa laka a sassauta. A sakan biyu ukun farko zafin zai ƙaru, to a nan mutane ke saki, kai kada ka saki. Ja a hankali, ban da fizga, ka riƙe kana ƙirgawa har ashirin ko talatin. Idan ɗaya hannun yana kan sha-raɓar za ka ji dunƙulen yana laushi.

Wanda hannunsa ba ya kaiwa, saboda tsufa ko teɓa ko tsohon ciki, ya ɗauki ɗankwali ko zani ko tawul, ya rataya a gindin yatsu, ya ja bakin biyu. Mai yawan fama da abin ya riƙa kwana da ɗaya a gefen filo, don cikin zafin nan ba a iya lalube.

Idan kuma kai aka tasa ka taimaki mahaifi ko mahaifiya, ɗora tafin hannu ɗaya a kan gwiwa don kada ta lanƙwashe, ɗayan a tafin ƙafa, ka tura yatsun zuwa wajensa sannu a hankali. Ka riƙa yi masa magana: "Sannu Baba, bar ta a miƙe, yanzu za ta saki." Kada ka sa ƙarfin samartaka, kada kuma a hau dukan wurin ko matsa shi da ƙarfi, tsamin gobe kawai ake ƙarawa.

Ta ƙi saki? Kunna tocila tukuna, sannan ka sauko ka dafa bango. Mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniyarta a manne da ƙasa, ka karkata gaba. Zancen haske na faɗa da gaske, musamman ga dattawa. Faɗuwa cikin duhu a kan ƙafar da ta ƙage tana iya kawo karayar ƙugu, wadda ta fi ɗaurewar muni nesa ba kusa ba. Idan ta sassauta, yi 'yan taku a kan dunduniya, yatsu a sama.

Ɗaurewar tafin ƙafa da ta yatsu da ta bayan cinya duk haka ake yi musu. Ta gaban cinya ce kawai ta bambanta: ita lanƙwasa gwiwa ake yi, ka kama idon sawu ka jawo dunduniya wajen ɗuwawu.

Bayan ta saki, murza wurin a hankali da man kaɗanya ko man zafi, ko ka gasa da tsumma da ruwan ɗumi. Mai ciwon sukari ya gwada ruwan da gwiwar hannu, ko ya sa wani ya gwada masa, domin ƙafarsa tana iya ƙonewa bai ji ba, ƙunar mai sukari kuwa ba ta saurin warkewa. Idan tsamin ya dame ka da safe, farasitamol ya isa.

Daga ina take zuwa

Asalin abin daga jijiyoyin da ke kai wa tsoka umarni ne. Sukan rikice su yi ta aika umarnin matsewa ba ƙaƙƙautawa, kuma sun fi yin haka idan tsokar ta riga ta takure. Dubi yadda ƙafa take a cikin barci. Mai kwanciya ruf-da-ciki, bayan ƙafarsa yana shimfiɗe a katifa, yatsu sun miƙe baya, sha-raɓa a takure take har gari ya waye. Mai kwanciya rigingine da bargo mai nauyi lokacin hunturu, bargon yana danne yatsun ƙasa. Ana cikin haka ya yi miƙa ya ƙara tsinin yatsun, shi ke nan ta kama. Wanda tafin ƙafarsa ta hagu ya taɓa ɗaurewa yana zaman tahiya ya san abin da nake nufi, yanayin ƙafar ɗaya ne.

Abin da aka wuni ana yi shi ke shirya wa dare. Akwai masu doguwar tsayuwa a kan siminti, malamin aji, nas mai kwanan aiki, mai awo a Kasuwar Sabon Gari a nan Zariya, matan da suka wuni a kan tukunyar biki. Akwai masu dogon zama, tela a kan kekensa, masu aikin babbar riga da hula a cikin birni da ke wuni ƙafa a naɗe a zaure, ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo lokacin jarrabawa, direban da ya ɗauko hanya tun daga Legas. Sai waɗanda suka ɗora wa tsoka aikin da ta kwana biyu ba ta yi ba, kamar makon farko na huɗa idan damina ta faɗi, ko mai noman rani a bakin kogin Galma da ya wuni yana ban ruwa cikin zafin Maris da Afrilu, zufa tana tsiyaya. Amai da gudawa ma suna kawo ta, da ƙarfi kuwa, saboda ruwa da gishirin da jiki ya zubar.

Shekaru suna da nasu rabon, domin tsoka tana raguwa, agara tana ƙara tauri. Ciki ma haka, musamman watannin ƙarshe, kuma galibi ana haihuwa take tafiya.

Inda aka fi mantawa shi ne magani. Ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari, waɗanda ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya, irin su Lasix da Moduretic, suna cikin waɗanda ake dangantawa da ɗaurewar ƙafa. Haka wasu magungunan asma irin su Ventolin, da ƙwayoyin rage kitsen jini. Daga cikin cututtuka akwai sukari idan ya taɓa jijiyoyin ƙafa, ciwon ƙoda (masu wankin ƙoda sun san ta sosai), ciwon hanta da ya yi nisa, matsalar jijiyoyin jini na ƙafa, da ciwon baya mai danne jijiya. Giya ma tana ciki. Duk da haka, mutane da yawa za a bincika ba a sami komai ba, kuma wannan labari ne mai daɗi.

Abin da za ka riƙa yi kullum

Babban matakin shi ne miƙar da tsoka kafin kwanciya, kuma bai fi minti biyar ba. Ka ɗaura shi da wani abin da ba ka fashi, misali da ka dawo daga isha'i ko ka gama shafa'i da wutiri, in ba haka ba kwana uku za ka yi ka manta.

Tsaya ka fuskanci bango, tazarar tsawon hannu, ka dafa shi da tafuka biyu. Sa ƙafa ɗaya gaba ka ɗan lanƙwasa gwiwarta. Ɗayar ka mayar da ita baya kamar taku ɗaya mai kyau, gwiwa a miƙe, yatsu suna kallon bango, dunduniya a ƙasa. Kai ƙugu gaba har ka ji sha-raɓar baya tana ja. Ja za ka ji, ba zafi ba, idan ya kai zafi ka ɗan dawo. Riƙe ka ƙirga ashirin zuwa talatin kana numfashi yadda ka saba. Sau uku kowace ƙafa. Kuskuren da na fi gani guda biyu ne: dunduniya ta ɗaga, ko yatsun ƙafar baya su karkata waje. Kowanne aka yi, aikin ya tashi a banza.

Daga nan sai bayan cinya. Ɗora dunduniya a kan kujera 'yar tsugunne, gwiwa a miƙe, yatsu sama, ka sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, kana dafe da bango da hannu ɗaya. Ƙirgen ɗaya ne. Tsohon da tsayuwa ke yi wa wuya ya yi duka biyun a zaune a kan tabarma, da ɗankwalin nan a gindin yatsu.

A 2012 an yi wani gwaji a ƙasar Holan da mutum 80 da suka haura shekara 55. Rabi suka riƙa wannan miƙar kafin barci har mako shida, aka ga ɗaurewar ta ragu musu, zafinta ma ya ragu. Wani gwajin da aka yi a Ingila kafin nan bai ga bambanci ba, saboda haka ba kowa take yi wa aiki ba. Amma kyauta ce, ba ta taɓa ƙoda ba ta taɓa hanta, don haka a wurina da ita ake farawa, kuma a ba ta mako shidan kafin a yanke mata hukunci.

Sai gyaran kwanciya. Kwanciya ta gefe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ita ta fi. Idan ba ka iya barci sai ruf-da-ciki, matso ƙasa ƙafafun su sauka daga bakin katifa, yatsu suna kallon ƙasa. Idan rigingine ne, sa filo a tafin ƙafa ya tokare ta. Bargo kuma a sake shi ta wajen ƙafa, kada a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Sannan ka koya wa kanka sabuwar miƙa: dunduniya ake turawa gaba, yatsu su dawo wajenka. Wannan kaɗai ya raba wasu da ɗaurewar asuba.

Da rana, mai zama ya riƙa tashi yana 'yan taku bayan kowace awa, mai tsayuwa ya riƙa samun zama yana juya idon sawu. Mai wuni a kan siminti da silifas ɗin da ya cinye ya nemi takalmi mai taushin ƙasa.

Ruwa a sha shi a rarrabe da rana, fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi ja ya yi kaɗan, ruwan bai isa ba. Da azumi a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Kada tsoho ya ɗirki kofi uku dab da kwanciya, ya kwana yana hanyar bayi. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya tsaya a kan abin da aka ce masa. Idan gudawa ce ko amai, ruwa zalla bai isa ba, a dama garin ORS ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa kurɓa, idan abin ya yi yawa a tafi asibiti a daren.

Abinci kuwa, wake da gyaɗa da riɗi da zogale da alayyafo da dankalin Hausa da ayaba da nono duk suna da sinadaran da tsoka ke aiki da su, kuma suna da kyau ga jiki. Sai dai kada a ɗauka ayaba ɗaya da dare za ta kashe maganar.

Kafin ka nufi kemis

Kwinin nake so in fi jan kunne a kansa, domin a wurinmu ba shi da wuyar samu saboda zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne yana ɗan rage ɗaurewar, har a Ingila likita yakan rubuta shi idan komai ya gaza, yana sa ido a kan mai shan. Amma yana sa ƙarar kunne, yana faɗar da sukarin jini, yana rikita bugun zuciya, kuma yana iya karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare har mutum ya riƙa zubar da jini. Saboda haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2006 kada a sha shi don ɗaurewar ƙafa, ta maimaita a 2010. Bai kamata mutum ya saya wa kansa ba, ko kusa.

Diklofenak da 'yan uwansa, waɗanda ba a rasa su a cikin haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, ba sa hana ɗaurewa. Kafin ƙwayar ta narke a ciki ma ƙafar ta riga ta saki. Abin da yawan shan su ke bari shi ne gyambon ciki da lalacewar ƙoda, ga shi masu shan galibi dattawa ne masu hawan jini, waɗanda ƙodarsu ta fi buƙatar a tausaya mata. Maganin sanyi da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta su kuma ba su da abin da za su kashe a nan.

Wasu idan suka ji an ce ƙarancin sinadari ne sai su koma wa kanwa. Gishirin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, wato irin wanda ake hana mai hawan jini. A nan Zariya, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa suka nuna cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. 'Yar uwa mai ciki ko mai jego, don Allah kada ki ƙara kanwa saboda ƙafa, ki faɗa wa nas ranar awo. Ƙwayar fotasiyam ma kada a saya da ka, domin wasu magungunan hawan jini suna riƙe shi a jiki, idan ya yi yawa kuwa zuciya yake taɓawa. Ƙwayar maganiziyam da ake tallatawa, ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitoci ta duba gwaje-gwajen da aka yi a kanta a 2020, ta ce da wuya ta amfani dattawa masu wannan matsala, a kan masu ciki kuma sakamakon ya saɓa wa juna.

Idan kana zargin maganin hawan jininka ne, kada ka daina sha. Koma wurin wanda ya rubuta, akwai wasu da zai iya canza maka. Barin maganin kwatsam yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Wadda ba ɗaurewa ba ce

Ɗaurewa ta gaskiya tana zuwa ta tafi, ƙafa ta koma yadda take. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi a taɓa, ciwon kuma ya zauna bai tafi ba, ana jin tsoron gudan jini ne ya toshe jijiya. Ya fi samun mai ciki, mai jego, wanda aka yi wa tiyata, wanda ya daɗe a kwance, da wanda ya sha doguwar tafiya a zaune. Wannan ba a murza ta, ba a kai ta wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Asibiti a ranar. Idan numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a lokacin, ko ƙarfe nawa ne.

Idan kuma sha-raɓa tana ciwo ne lokacin tafiya, ka tsaya ta lafa, ka ci gaba ta dawo, ƙafar tana sanyi ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa, jini ne ba ya isa ƙasa. Masu shan taba da masu sukari su kula da wannan. Zugi da jin kamar ana tsira allura ko tafiyar kiyashi a tafin ƙafa, a gwada sukari. Wanda ƙafarsa ba ta dunƙulewa, sai dai wani irin ƙaiƙayi a ciki da ba ya barinsa sai ya motsa ta, nasa daban ne, kuma sau da yawa yana tafiya da ƙarancin jini. Yaro mai sikila da ya tashi da ciwon ƙafa cikin dare kada a ce ɗaurewa ce. Wanda ya taka ƙusa ko ya ji rauni kwanan baya, sannan jiki ya soma sandarewa, baki yana wuyar buɗuwa, a garzaya da shi. Mai ciki da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ita ma kada ta jira ranar awo.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ya kamata ka ga likita idan ɗaurewar tana zuwa sau da yawa a mako tana hana ka barci, ko tana wuce minti goma, ko ƙafar ta soma rauni ko ramewa, ko abin ya faro ne bayan an sa ka a sabon magani. Ba sai ka fara da asibitin koyarwa na Shika ba. Asibitin unguwa ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan sun isa a auna jini, idan da buƙata su tura ka gaba.

Kafin ka je, yi mako biyu kana sa alama a kalanda duk daren da ta kama, ka rubuta wace ƙafa ce da aikin da ka wuni kana yi. Tattara duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har wanda kake jin nauyin nunawa, ka ajiye a gaban likita. Wataƙila ya nemi gwajin sukari, na ƙoda da gishirin jini, da na yawan jini, wani lokaci da na hanta. Ka yi sammako ba ka karya ba, don idan gwajin sukari na kafin cin abinci ake so a ɗiba a ranar, ba sai an ce ka dawo gobe ba.